Jan igiya: ina ƙarfin yake, a hannu ko a ƙafa?

Tambaya: Ƙungiyoyi biyu suna jan igiya, kowacce da ƙarfin niyuton 3,000 (niyuton shi ne ma'aunin ƙarfin ja ko turi), igiyar kuma ba ta motsi. Nawa ne jan da ke cikin igiyar?

Amsa: 3,000 ne, ba 6,000 ba, kuma nan ɗalibai da yawa ke tuntuɓe a lissafin fiziks. Ka ɗaura sikelin rataye a tsakiyar igiyar, zai nuna 3,000. Yanzu ka sallami ƙungiya ɗaya, ka ɗaure bakin igiyar a gindin bishiya. Allurar sikelin ba za ta gusa ba, domin bishiyar tana riƙe igiyar da daidai ƙarfin da aka ja ta, aikin da mutanen can suke yi ke nan tun farko.

Tambaya: To idan ɓangare ɗaya ya fara rinjaye fa?

Amsa: Ko a lokacin, muddin nauyin igiyar bai taka kara ya karya ba, jan da take yi wa ɓangarorin biyu ɗaya ne. Dokar motsi ta uku da Isaac Newton ya wallafa a 1687 ta ce duk abin da ka ja, shi ma yana janka da ƙarfi iri ɗaya.

Tambaya: Ta yaya ke nan ake cin wasan?

Amsa: Da ƙasa. Kowane ɗan wasa igiya na jansa gaba, ƙasa kuma na tura shi baya gwargwadon yadda ya kafa dugadugansa a cikinta. Wanda turin ƙasarsa ya fi jan igiyar, shi ke ja da baya da abokan karawarsa. Ka tsayar da ƙato da safa a kan tayil mai santsi, yaro mai takalmin roba a kan siminti zai jawo shi, duk girman damtsensa. Riƙon ƙasa yana ƙaruwa da nauyi, shi ya sa a gasar duniya ake auna 'yan wasa takwas na kowace ƙungiya gaba ɗaya, a sa su a rukuni, kamar na kilo 640. Kwantawa baya da suke yi kuma don kada igiyar ta kifar da su ta fuska ne.

Tambaya: Akwai haɗari?

Amsa: Akwai, babba ma. Igiyar nailan tana miƙewa tana tara ƙarfi, in ta tsinke sai ta dawo da gudu. A Taipei, babban birnin Taiwan, a 1997, igiya ta tsinke a hannun mutane fiye da dubu, hannun maza biyu ya guntule. Don haka kada a taɓa naɗa igiya a hannu, ko a wasan makaranta.