Shan rana da gadon rina fata

Rina fata da rana shi ne mutum ya shanya jikinsa a rana da gangan, ko ya kwanta cikin na'ura mai fitilu, domin launin fatarsa ya ƙara duhu. Al'ada ce ta fararen fata a Turai da Amurka da Ostareliya, wadda ta zama abin yayi tun shekarun 1920. A Katsina da Daura ba wanda zai biya kuɗi don ya ƙara baƙi, kasuwar da ke ci ita ce ta man bilicin. Amma hasken da Bature ke nema a bakin teku shi ne ke dukan manomi da makiyayi da ɗan acaɓa kullum, shi ne kuma ke cin fatar zabiya.

Hasken da ke rina fata

Ba zafin rana ke duhunta fata ba. Wani haske ne da ido ba ya gani, ana kiran sa ultrabayolet, a taƙaice UV. Iri uku ne bisa tsawon zangonsa: UVA daga nanomita (ɗan ƙanƙanin awon tsawo) 315 zuwa 400, UVB daga 280 zuwa 315, sai UVC daga 100 zuwa 280, wanda iskar ozon ke tarewa tun a sama. Cikin abin da ke isowa ƙasa, kusan kashi 95 cikin 100 UVA ne. Shi ke ratsa fata can ciki, yana kuma wuce gilashin taga. UVB kaɗan ne, a saman fata yake tsayawa, amma shi ke ƙona ta, shi ne kuma ke sa ta ƙera bitamin D.

A ƙasan fatar sama akwai ƙwayoyin da ke yin melanin, sinadarin da ke ba fata launi. Baƙi da fari kusan yawan ƙwayoyinsu ɗaya, bambancin yana ga yawan melanin da suke fitarwa da irinsa. Duhun da ke bayyana cikin mintuna aikin UVA ne a kan melanin da ke nan tun da, kuma yana saurin gushewa. Wanda ke daɗewa yana fitowa bayan kwana 2 zuwa 3, kuma ba ya zuwa sai UV, galibi UVB, ya taɓa DNA, wato sinadarin gado, na ƙwayoyin fata, sannan jiki ya ƙara melanin don kare abin da ya saura. Wato duhun shaida ce cewa ɓarna ta riga ta auku. Kariyar da yake ba farar fata ba ta wuce 2 zuwa 4 ba a ma'aunin SPF na kariya daga rana, alhali baƙar fata ta haihuwa an ƙiyasta tata kusan 13.

A 1975 likitan fata Thomas Fitzpatrick na jami'ar Harvard ya fara rarraba fata gwargwadon yadda take amsa rana. Yau matakai 6 ne, daga ta 1 da kullum ƙonewa take ba ta duhu, zuwa ta 6 da da wuya ta ƙone. Yawancin Hausawa da Fulani suna tsakanin ta 4 da ta 6.

Gadon rina fata

Wani Bajamushe, Friedrich Wolff, ya ƙera shi a shekarun 1970. Akwati ne mai murfi, an jera dogayen fitilu sama da ƙasa, an rufe su da roba mai gani-garau da ake kwanciya a kai. Akwai kuma na tsaye. Ana shiga da ɗan tabarau na musamman, a yi mintuna kaɗan zuwa kamar 20. Yawancin haskensa UVA ne, shi ya sa masu sana'ar suka daɗe suna tallar cewa ya fi rana lafiya tunda ba ya saurin ƙonawa. Rashin ƙuna dai ba rashin ɓarna ba ne. Iyakar ƙarfin da Tarayyar Turai ta amince da ita, wat 0.3 a kowace murabba'in mita, daidai take da ranar tsaka a kan layin ikweta da ya raba duniya biyu.

A 2009 hukumar binciken sankara ta IARC da ke Liyon a Faransa, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sa waɗannan na'urori a rukuni na 1 na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara, rukuni ɗaya da taba sigari. Nazarin da ta dogara da shi ya nuna haɗarin sankarar fata ta melanoma yana ƙaruwa da kashi 75 cikin 100 ga wanda ya fara shiga gadon kafin shekara 30. Barazil ta haramta shi don kwalliya a wannan shekarar, jihohin Ostareliya suka rufe shagunansa daga 2015, Ingila kuma ta hana 'yan ƙasa da shekara 18 tun 2011.

Amfanin rana

Babban amfanin shi ne bitamin D. UVB na juya wani dangin kolestarol da ke cikin fata, hanta ta sarrafa shi, ƙoda ta ƙarasa, sannan ya taimaki hanji ya tsotsi sinadarin kalsiyam da ƙashi ke buƙata. A ma'aunin bitamin na IU, babba na buƙatar 600 a rana, jariri 400, wanda ya haura shekara 70 kuma 800. Farar fata mintuna 5 zuwa 15 a fuska da hannuwa, sau 2 ko 3 a mako, sun ishe ta. Baƙar fata sai ta ninka hakan, don melanin na tare hasken. Ba a buƙatar a ƙone ko a yi duhu: idan fata ta yi iya abin da za ta yi, ƙarin rana rusa rarar yake. Zama bayan gilashi kuma ba ya ba da komai, domin UVB ba ya wucewa.

Duk da yalwar rana, ƙarancin bitamin D na iya samun matan da ba su cika fita ba, da tsofaffin da ke kwance a ɗaki, da ma'aikacin da daga mota sai ofis. Zaman tsakar gida da hantsi, hannuwa da ƙafafu a buɗe, ya fi kowane gadon fitilu, tunda UVA ba ya yin bitamin D. Kifi mai maiƙo da gwaiduwar ƙwai da hanta suna ƙarawa. Sai dai ba kowace ƙafar baka ko gwame ta yaro ce rashin rana ba. Binciken da aka yi a Jos, aka buga a 1999, ya nuna yawancin yaran da ƙashinsu ya lanƙwashe kalsiyam ne ya yi musu kaɗan a abinci.

A asibiti ana amfani da UVB mai zangon nanomita 311 wajen maganin wasu cututtukan fata, kamar soriyasis da bitiligo, amma likita ke auna shi daƙiƙa-daƙiƙa. Tun 1903 Niels Finsen ya karɓi kyautar Nobel a kan magani da haske. Shawarar jarirai kuwa da shuɗin haske ake maganinta, ba UV ba. Shanya jariri mai shawara a rana yana jawo ƙuna da bushewar jiki, yana kuma jinkirta zuwa asibiti har cutar ta taɓa ƙwaƙwalwa.

Illoli

Ƙunar rana ba nan take take nunawa ba, tana tsananta bayan awa 12 zuwa 24: zafi, kumburi, wani lokaci ƙuraje masu ruwa, daga baya fata ta yi saɓa. A baƙar fata jan ba ya fitowa, sai raɗaɗi da saɓar. Bayan shekaru, UVA na lalata zaren da ke riƙe fata, ta yi tamoji da kaushi. Abin da ya fi damun mutanenmu shi ne baƙaƙen tabo a kumatu da goshi, musamman lokacin goyon ciki, da tabon ƙuraje da rana ke ƙara wa duhu.

Sankarar fata manyanta uku ne. Biyu suna fitowa inda rana ta fi duka, wato fuska da kunne da leɓe da bayan hannu, galibi a matsayin gyambon da ya ƙi warkewa. Ta uku, melanoma, ita ta fi kisa: a 2020 ta kama mutum kusan 325,000 a duniya, ta kashe kusan 57,000. A baƙar fata ba ta da yawa, kuma ta fi fitowa a tafin ƙafa ko tafin hannu ko ƙarƙashin farce, inda ba rana ce sanadi ba. Baƙin tabo a tafin ƙafa da ke faɗaɗa ko zubar jini ba na mai yankan farce ba ne, na likita ne.

Ido ma yana shan nasa: yanar ido, da jan naman da ke tsirowa daga gefen ido ya nufi tsakiya. Mai walda da ya yi aiki ba gilashi ya san ɗanɗanon UV, don bayan awa 6 zuwa 12, cikin dare, zai ji kamar an zuba masa yashi a ido. Haka ke samun wanda ya cire tabarau a gadon rina fata. Wasu magunguna, irin su doxycycline da ciprofloxacin, suna sa fata saurin ƙonewa.

Waɗanda abin ya fi shafa a Katsina

Katsina da Daura suna kan digiri 13 arewa. Rana kan tsaya daidai tsakar ka wajen ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, tsakar ranar kuma wajen 12:30 take. A ma'aunin UV, daga 3 ake fara neman kariya, 11 ya kai matuƙa, a bazara kuwa nan yakan kai 11 ko ya zarce. Hadari ba laima ba ne, don siririn gajimare na iya barin kashi 80 cikin 100 ya wuce, hazon hunturu ma ragewa kawai yake.

Zabiya ne a gaba. Fatarsa kusan ba melanin, don haka kaushin da ke rikiɗa ya zama sankara kan fara tun yana saurayi. Tura yaro zabiya talla ko kiwo ko noman rani a Jibiya da tsakar rana cutarwa ce ƙarara. Sai mai bilicin. Sinadarin hydroquinone da ke cikin man na hana fata yin melanin, mayukan sitiroyid kuma na sirantar da ita, sai rana ta same ta ba garkuwa. Daga nan ake samun ƙonannen kumatu da shuɗi-shuɗin tabon da ba ya fita.

Kariya

Inuwa da sutura sun fi mai, sun kuma fi araha. Idan inuwar mutum ta fi shi gajarta, rana na da ƙarfi, galibi daga 10 na safe zuwa 4 na yamma. Malafa mai faɗi irin ta makiyaya tana rufe kunne da ƙeya, abin da ƙaramar hula ba ta yi. Yadi mai kauri da duhu ya fi shara-shara tarewa. Tabarau a nemi mai alamar UV400, don baƙin gilashi mara kariya buɗe ƙwayar ido yake, hasken ya ƙara shiga.

Man kariya mai SPF 15 yana tare kusan kashi 93 na UVB, mai 30 kashi 97, mai 50 kashi 98. A duba ya kasance yana tare UVA ma. Inda ake kuskure shi ne yawansa: jikin babba gaba ɗaya yana cin kusan mililita 35, kamar ƙaramin cokali 7, fuska da wuya cokali ɗaya. Ana shafawa mintuna 20 kafin fita, a sake bayan awa 2, ko da zarar gumi ko alwala sun wanke shi. Man kaɗanya yana laushin fata amma ba ya maye gurbinsa. Jariri ƙasa da wata 6 ba a dogara da mai, inuwa ake ba shi.

Masu son duhun ba tare da haske ba suna shafa mai mai sinadarin DHA, wanda ke rina matacciyar fatar sama kawai, ya kuma goge cikin kamar mako ɗaya. Ba ya ba da kariya daga rana. Allurar melanotan da ake sayarwa a intanet kuwa ba ta da lasisi a Amurka ko Ingila, kuma tana sa tashin zuciya da duhun tawadar Allah.