Matsalolin Ɗabi'a da Damuwa a Wajen Yara Masu Kaifin Basira

A ma'aunin da aka fi amfani da shi, yaro mai kaifin basira shi ne wanda makinsa a gwajin auna basira (IQ) ya kai 130 ko fiye, wato kusan biyu cikin kowane yara ɗari. Basirar kanta ba cuta ba ce. A 1921 Lewis Terman na Jami'ar Stanford ya fara bibiyar irin waɗannan yara sama da 1,500 a Kalifoniya, ya tarar yawancinsu suna zaman lafiya da jama'a. Matsala kan taso ne idan yaron da inda aka ajiye shi ba su dace ba.

Babban tushenta shi ne girman da bai tafi tare ba: tunani ya yi gaba, jiki da zuciya suna baya. Ɗan shekara shida yana iya gane ma'anar mutuwa, amma ba shi da juriyar ɗaukar abin da ya gane, sai barci ya ƙaurace masa. Ko ya hango zane a ransa, hannu ya kasa fito da shi, ya yayyaga takardar yana kuka. Manya kan ce taurin kai ne, alhali galibi takaici ne. Masaniyar halayya Leta Hollingworth ta lura cewa masu maki 125 zuwa 155 sun fi sauƙin yin abokai, amma waɗanda suka haura 180 kaɗaici ke cin su.

Ana yawan rikita gundura da ADHD, lalurar rashin natsuwa. Ƙa'idar likitoci ta ce sai alamomin sun bayyana kafin shekara 12, sun kai wata shida, kuma a wurare biyu ko fiye. Wanda ke ƙiriniya a aji kaɗai, ya natsu da zarar an ba shi aiki mai wuya, gundura aka fi zargi. Sai dai biyun kan haɗu. Basira ma takan lulluɓe tawayar karatu, yaron ya riƙa samun matsakaicin maki, babu wanda ya farga.

A lokacin balaga wasu kan ɓoye hazaƙarsu don kada a ware su. Wasu kuma, da ba su taɓa koyon bita ba, darasi na farko mai tsauri ke karya su, su daina gwadawa don gudun kuskure. Saboda basira kan lulluɓe tawaya, masanin halayya kan duba makin kowane sashe na gwajin daban, ba jimla kawai ba, kafin a yanke shawarar tsallakar da yaro aji ko ƙara masa nauyi a darasi guda.