Hoton Ruwan Sama na Caillebotte Ba Aikin Gaggawa Ba Ne

An daɗe ana cewa masu zanen salon impireshanizim na Faransa, wato salon kama yadda haske ke sauka a kan abu a ɗan lokaci, kafa allo kawai suke yi a bakin titi, su shafa fenti cikin hanzari kafin haske ya canja, shi ke nan. Akwai ƙananan hotunan da aka yi haka. Amma hoton titin Paris a ranar ruwa, wanda Gustave Caillebotte ya nuna a baje kolinsu na uku a 1877, ba haka aka yi shi ba.

Girmansa kaɗai ya isa shaida: tsayi santimita 212, faɗi 276. Wa zai tsaya da ƙyalle irin wannan ana yayyafi? A ɗakin aiki ya zana shi, bayan gwaje-gwajen fensir da wani ƙaramin samfuri na fentin mai. Sandar fitilar titi ta raba hoton gida biyu, layukan gine-ginen kuma an auna su sun nufi wurare biyu a nesa. Da layi ɗaya ya kauce, sai a ga ginin kamar zai kife.

Abin da ya fi burgewa, babu ɗigon ruwa ko ɗaya. Laimomi da ƙyallin da ke kwance tsakanin duwatsun daɓe su ne ke gaya wa ido ƙasa ta jiƙe.

Duhun sararin saman ma ba duka nasa ba ne. Da gidan adana zane na Chicago, inda hoton yake, ya wanke tsohon banish, wato man da ake shafa wa zane don kare shi, a 2014, sai sama ta fito da haske.