Ba a sayar da zangon talabijin ba, aro aka ba intanet

Wani saƙon murya na yawo a WhatsApp a Daura da kewaye, wai gwamnati ta sayar wa kamfanonin intanet zangon talabijin, wato hanyar da siginar talabijin ke bi a iska, nan gaba kaɗan NTA da KTTV ta jihar Katsina za su ɗauke, mai eriya ya san inda zai kai akwatinsa. Wasu kuma sun juya zancen, sun ce intanet kyauta na tafe. Duka biyun ba haka ba ne, kuma na biyun ya fi haɗari, don shi ne zai iya kai mutum gaban alƙali.

Asalin maganar daftarin ƙa'idoji ne da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta fitar a 2020 tare da NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin. Zangon da ake magana a kai ya tashi daga megahaz 470 zuwa 694, an yanka shi gurbi 28, kowanne da faɗin megahaz 8. Ƙirga tashoshin da eriyarka ke kamawa a Baure ko Sandamu, ka ga gurbi nawa ke zaune babu kowa. Waɗannan ake so a tura intanet ta cikinsu, domin siginar wannan zango tana tafiyar kilomitoci, tana ratsa bishiyoyi da katanga fiye da Wi-Fi ɗin da ko zaure ba ya kaiwa. Amurka ta amince da haka tun 2008, an gwada a Nanyuki ta Kenya a 2013, Afirka ta Kudu ta kafa nata ƙa'idojin a 2018.

Abin ya shafi kamfanonin da ke raba intanet, da masu kula da rumbun bayanan zango, da masu shigo da na'urorin. Mai kallo ta dish babu ruwansa, zangonsa daban ne.

Sharaɗin da ke rikita mutane shi ne matsayin mai intanet a wannan zango. Kamar aron gona ne: ka shuka a saurar wani, ranar da mai gona ya zo da garmarsa sai ka tattara. Tashar talabijin mai lasisi ita ce mai gona. Na'urar intanet ba ta da ikon zaɓar gurbi da kanta. Sai ta faɗa wa rumbun bayanai daidai inda take, shi kuma ya gaya mata guraben da babu kowa a wurin da iyakar ƙarfin da za ta yi aiki da shi. Idan tasha ta buƙaci gurbin, na'urar ce ke matsawa. Idan kuma siginar tashar ce ta dame ta, ba ta da bakin ƙara. To ta ina mai aro zai kashe wa mai gida talabijin?

Mu nan akwai ƙari. Sigina ba ta tsayawa a shingen Kongolam na kan iyakarmu da Nijar, kuma yarjejeniyar Janeba ta 2006 ta raba guraben talabijin tsakanin ƙasashe, don haka gurbin da muke gani fanko yana iya zama rabon Nijar.

Masu cewa abin na jawo ciwo su tuna irin siginar da gidajen talabijin suka shekara da shekaru suna watsawa a kanmu ce, da ƙarfin da ya ninka na waɗannan na'urori nesa ba kusa ba.

Sai batun kyauta. Wayarka ba ta kama wannan sigina kai tsaye. Sai an kafa na'ura ta musamman a makaranta ko asibiti ko kasuwa, daga nan a raba ta Wi-Fi, kuma wani ne ke biyan kuɗin data. Matashin da ya ji an ce "an buɗe zango" ya yi odar na'ura, ya kafa a kan bene ya fara sayar da sabis, ya taka Dokar Sadarwa ta 2003. Sashe na 31 ya hana gudanar da harkar sadarwa ba lasisi. Hukuncin tara ce da ba ta gaza kuɗin lasisin ba, tana iya kaiwa ninki 10, ko ɗaurin da bai wuce shekara 1 ba, ko duka biyun, sannan a ƙwace kayan aikin. Na'urar ma sai NCC ta tantance irinta. Wanda ya sayi data daga kamfani mai lasisi ba shi ake nufi ba.

A ganina ba masu talabijin ya kamata su damu ba, an kare su ciki da bai. Ƙaramin ɗan kasuwa ne aka bari a rana. Najeriya ta wuce wa'adin Yunin 2015 na komawa talabijin na dijital, aka fara da Jos a 2016, Kano sai 2021. Duk lokacin da aka sake rabon gurabe, wanda ke fanko yau yana iya samun mai shi gobe. Babban kamfani zai iya jure wannan. Wanda ya ci bashi ya kai intanet wata makaranta a Mai'aduwa, shi za a ce ya matsa, kuma dama tun farko a kan sharaɗin rashin kariya ya shiga.