Taya 80/20: Abin da Wannan Lamba ke Nufi ga Mai Babur a Kano

Ƙanina ya sayi babur na hannu, dogon nan mai tsayin ƙafa irin wanda muka saba gani a hannun malaman gona, wanda aka ƙera don ya hau kwalta kuma ya shiga daji. Tayoyin da ya zo da su sun cinye, sai ya nufi Sabon Gari neman sababbi. Bayan la'asar ya kira ni.

"Yaya, mai shago ya fito min da kala biyu. Ya ce ɗaya tamanin-ashirin ce, ɗaya kuma hamsin-hamsin. Ni dai mai manyan haƙoran ce ta kwanta min, amma ban gane lissafin ba. Ko lambar girma ce?"

Ba lambar girma ba ce, kuma ba shi kaɗai ke ruɗewa a nan ba. Idan aka ce taya 80/20 ce, ana nufin kamfanin da ya yi ta ya tsara ta ne don mutumin da kashi 80 cikin 100 na tafiyarsa a kan kwalta take, kashi 20 kuma a kan burji, turɓaya ko tsakuwa. A bisa al'ada lambar farko ta kwalta ce, ta biyu ta daji. Saboda haka 90/10 kusan tayar birni ce zalla da aka ɗan faɗaɗa wa zane. Ita 50/50 raba-daidai ce. 10/90 kuwa tayar daji ce da doka ta yarda a hau titi da ita, don dai mai ita ya kai kansa bakin dajin. Wasu masu talla suna juya lissafin su fara da daji, don haka idan ka ga lambar a takarda ko a intanet, dubi zanen tayar da idonka kafin ka yarda da wacce ce ta farko.

Abin da ke ƙara rikita mutane shi ne akwai wata lamba mai kama da wannan a jikin tayar, wadda aka buga a roba: 90/90-21, ko 110/90-17. Wannan ita ce lambar girma. A 90/90-21, lambar farko faɗin tayar ne a milimita, ta biyu tsayin gefenta ne, wato kashi 90 cikin 100 na wancan faɗin, 21 kuma girman wilin da za ta hau ne a inci. Wannan lamba ba a wasa da ita, sai ta yi daidai da abin da aka rubuta wa babur ɗinka. Ita kuwa 80/20 da wuya ka same ta a jikin roba. A bakin mai shago take, da kwalin talla.

Nan ne nake so mai karatu ya ɗan tsaya. Babu wata hukuma da ke auna taya ta ba ta wannan maki. Kowane kamfani shi ke yanke wa tayarsa lamba. Michelin na kiran Anakee Adventure 80/20, Anakee Wild kuma 50/50. Ana lissafa Shinko 705 a sahun 80/20, Heidenau K60 Scout a 50/50, Continental TKC80 a 40/60, Dunlop D606 kuwa a 10/90. Ka jera tayoyi biyu na kamfanoni daban-daban masu lamba ɗaya, za ka iya ganin zanensu bai yi kama ba ko kaɗan. Lambar ba shaidar inganci ba ce, kuma ba ta nufin tayar za ta yi maka kashi 80 na aikin da tayar kwalta zalla take yi. Manuniya ce kawai ta inda tayar ta karkata. Da yawa daga cikin waɗannan sunaye ma ba lallai ka same su a shagon unguwa ba, amma duk tayar da aka ajiye a gabanka, ko wane suna gare ta, zanenta zai faɗa maka sahun da take.

Me ya sa ba a yi taya ɗaya da za ta iya duka biyun ba? Saboda taura biyu ba ta taunuwa. Abin da kwalta ke nema a wurin taya shi ne kishiyar abin da taɓo ke nema.

Duk nauyin babur da na mai shi a kan wuri biyu yake tsaye, kowanne bai kai tafin hannu ba. A kan kwalta, riƙo yana zuwa ne daga yawan robar da ta kwanta a kan titi da kuma yadda take zaune daram ba ta motsi. Shi ya sa tayar birni take da faffaɗan jiki da siraran layuka, waɗanda aikinsu fitar da ruwa ne daga ƙarƙashinta. A cikin taɓo ko yashi mai zurfi kuwa babu abin da roba za ta kwanta a kai, sai dai ta tona. Nan ake buƙatar dogayen haƙora masu tazara, su nutse su kama ƙasa, tazarar kuma ta ba laka hanyar fita idan wili ya juya. Ka shiga taɓo da taya mai matsattsen zane, nan take laka za ta cike layukan, tayar ta koma sumul kamar an shafa mata man shanu, kana ba da wuta tana juyawa a wuri ɗaya.

To juya hoton. Ɗauki waccan mai dogayen haƙora ka hau titin Zariya da ita da tsakar rana a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40 kwalta na turiri. Robar da ke taɓa titi ta ragu, domin rabin fuskar tayar fili ne. Kowane haƙori yana lanƙwasa idan ya taka, ya miƙe idan ya tashi, sau ɗaruruwa a minti ɗaya, wannan lanƙwasar kuma zafi take haifarwa, zafi kuma shi ke cin roba. Za ka ji ƙugi yana tashi daga ƙasa, kan babur yana karkarwa a hannunka har yatsu su yi tsami. Idan ka kwanta a shataletale za ka ji kamar gindin babur ɗin yana ɗan yawo, domin haƙoran gefe ne suke ɗaukar nauyin kuma suna ba da kai. Mafi muhimmanci, birkin gaggawa yana buƙatar tazara fiye da ta taya mai cikakken jiki, balle idan titi ya jiƙe. Wanda ya san yadda ɗan adaidaita sahu ke yanke wa mutum hanya ba sigina a Kofar Nassarawa ko Kabuga ya san darajar taku biyu na birki.

Ga kuma cinyewa. Tayar baya tsakiyarta ke fara lafewa ta zama shafaffe, gefuna na nan da tsayinsu kamar sababbi. Ta gaba kuwa birki ne ke gaftare haƙoranta ta gefe ɗaya, su koma kamar bakin zarto. Ka shafa tafin hannunka a kan tayar gaban duk wanda ya daɗe yana yawon birni da tayar daji, za ka ji tana kama hannu ta wata fuska, tana santsi ta ɗaya. Kuɗi ne ya bari a kan kwalta, bai kuma mori abin da ya saya ba.

Na ce wa ƙanina ya ajiye maganar wadda ta kwanta masa, ya ɗauko biro. Aikinsa a cikin gari yake, zuwa da dawowa kusan kilomita 30, kwana shida a mako. A wata ya kama 720. Sau biyu a wata yana zuwa gonar gidanmu ta wajen Bichi: kusan kilomita 40 na kwalta, sannan kamar 10 na burji. Zuwa da dawowa sau biyu, kwalta 160, burji 40. Ko da mun haɗa da lungun unguwarsu da ba a shimfiɗa wa kwalta ba, abin da yake yi a kan ƙasa bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wallahi Yaya, na ɗauka rabi da rabi nake yi." Kusan kowa haka yake ɗauka, domin tafiyar ƙauye ita ke zama a rai, ta kullum kuwa mutum ba ya ƙirga ta.

Sai dai lissafin kilomita shi kaɗai bai isa ba, kuma ba na so a ɗauka ina cewa kowa ya sayi tayar birni. Tambaya ta biyu ita ce: mene ne mafi munin wurin da dole ka ratsa, ba makawa? Busasshen burji, tsakuwa, lungu mai ramuka, duk waɗannan 80/20 za ta wuce su lafiya lau idan aka bi a hankali. Amma idan kilomita goman nan naka fadama ce, kuma a watan Agusta ma sai ka je, to ko kashi 5 ne na tafiyarka, shi ne zai yanke hukunci. Ma'aikacin lafiya ko malamin gona da ke shiga ƙauyuka da damina yana da hujjar ɗaukar 50/50, ya haƙura da ƙugi da saurin cinyewa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gonarmu jigawa ce, kuma idan ruwa ya yi yawa ƙanina yana iya ɗaga tafiyar zuwa jibi.

Akwai wata magana da nake yawan ji a bakin matasa, wai titunan Kano cike suke da yashi, don haka tayar daji ta fi. Wannan kuskure ne mai kayar da mutum. Yashin da ke kwance a gefen titi, ko wanda ruwa ya tara a kan kwana, siririn shimfiɗi ne a kan kwalta mai tauri. Haƙori ba shi da inda zai nutse. Ƙwayoyin yashin birgima suke yi tsakanin roba da titi, kuma babu tayar da ke maganin wannan, sai rage gudu tun kafin ka iso da guje wa damƙe birkin gaba a kansa. Haka ruwan farkon damina, wanda ke taso da ƙura da baƙin man da suka yi watanni suna taruwa a titi. A irin wannan rana taya mai yawan roba a ƙasa da layukan fitar da ruwa ita ce abokiyar tafiya.

Idan ka tsayar da sahun da kake so, saura karatun gefen taya, kuma a nan ne ake cutar mutane. Bayan lambar girma za ka ga wata kamar 54S. Lambar nauyi ce da harafin gudu: 54 na nufin kilo 212, S na nufin kilomita 180 a awa, P kuwa 150. Kada ka sauka ƙasa da abin da aka rubuta wa babur ɗinka, musamman a tayar baya idan kana ɗaura buhu. TT na nufin sai da tiyub, TL marar tiyub. Yawancin irin waɗannan babura wilinsu mai siraran ƙarafa ne irin na keke, iska na fita ta ramukansu, don haka ko tayar TL ka saya sai an sa mata tiyub. Ka sa sabo, kada mai faci ya mayar maka da tsohon da ya riga ya saki. Akwai kuma kibiya da ke nuna inda tayar za ta juya. Tsaya a kansa ka ga ya bi ta.

Sai lambobi huɗu da ke cikin ɗan zagaye, a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Su ne ranar haihuwar taya: 2322 na nufin mako na 23 na shekarar 2022. Roba na tsufa ko ba a hau ta ba, ta bushe ta yi tauri, balle wadda ta sha rana a ƙofar shago. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa sun daɗe suna jan kunne cewa a guji tayar da ta wuce shekara huɗu. Tayar gwanjo mai kyan zane na iya zama 'yar shekara takwas. Danna ta da farce: idan ta yi tauri kamar itace, ko ka ga ƙananan tsage-tsage a gindin zanen, ajiye musu kayansu komai arahar.

Iska kuma a auna ta da geji, da safe kafin taya ta ɗauki zafi, ba da matsa babban yatsa ba. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin babur, galibi kusa da sarƙa, ko a littafinsa. Masu shiga daji kan rage iska don taya ta baje a kan yashi. Wanda ya yi haka ya hau kwalta bai mayar ba, yana dafa tayarsa ne, kuma rami ɗaya ya isa ya tsinke masa tiyub.

Ƙanina ya koma washegari ya ɗauko 80/20 gaba da baya, kamfani ɗaya, bayan ya sa an juyo masa gefen kowacce ya karanta lambobin nan huɗu. Na gaya masa sabuwar taya tana da santsi, ya lallaɓa ta kamar kilomita 150 na farko, kada ya kwanta a kwana kada ya damƙe birki. Ranar Asabar ya tafi Bichi. Da ya dawo na tambaye shi burjin fa, ya ce a wuri ɗaya kawai, inda yashi ya taru a gangaren rafi, sai da ya sauke ƙafa ya tura kaɗan.