Hannun ɗan sanda ko na ɗan uwan zanga-zanga, dokar VAPP ba ta bambanta ba

Duk wanda ya ga hotunan EndSARS, zanga-zangar neman a rushe rundunar 'yan sanda ta SARS, na Oktoban 2020 a nan Abuja ya san mata ba a baya suka tsaya ba. Aisha Yesufu da hijabinta ta ɗaga hannu, 'yan ƙungiyar mata ta Feminist Coalition suna tara kuɗin abinci da asibiti da lauyoyi, mata a Unity Fountain rana na dukan su. Amma akwai maganar da ake haɗiyewa, wato macen da aka taɓa mata jiki a cikin cunkoso, ko wadda aka jefa a mota aka kai caji ofis aka ci mata mutunci, da ta buɗe baki sai a ce haba 'yar uwa ki yi haƙuri kar ki ɓata mana tafiya. To wannan "ki yi haƙuri" ɗin babu shi a doka fa.

Dokar ita ce VAPP, ta haramta cin zarafin mutane, Goodluck Jonathan ya sa mata hannu a watan Mayun 2015, kuma a Abuja kai tsaye take aiki, su jihohi sai kowacce ta yi tata. Hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane aka ɗora wa kula da ita, shari'a kuma a Babbar Kotun Abuja ake yi.

Sashe na 1 fyaɗe ne, kuma an faɗaɗa ma'anarsa sosai. Ko da yatsa ne ko sanda ko wani abu daban aka shigar a gaba ko baya ko baki ba da yardar mutum ba, fyaɗe ne, haka in yardar ma da barazana ko tsoratarwa ko yaudara aka same ta. Kin ga kenan jami'in da zai ce wa mace a sel ki ba ni haɗin kai in sake ki, ko ta ce to, wallahi a idon doka wannan ba yarda ba ce. Hukuncin ɗaurin rai da rai ne, mafi ƙaranci shekara 12 babu zaɓin tara, in taron dangi aka yi kuma shekara 20 zuwa sama, sannan kotu za ta sa a biya diyya, sunan mai laifin kuma ya shiga rajistar masu laifin lalata da NAPTIP ta buɗe a 2019.

Wanda ya ji miki ciwo, sashe na 2, har shekara 5 ko tarar da ba ta wuce naira 100,000 ba. Wannan tarar kam abin dariya ce yanzu. Shi kuma mai shafa jikin mace a cikin taro yana fakewa da turereniya, dokar hukunta laifuffuka ta Penal Code da ake aiki da ita a Abuja tun tuni ta maida keta mutuncin mace laifi, ko yana riƙe da kwali yana ihun adalci ne.

Inda na fi so mata su riƙe shi ne ɓangaren kamu, domin a nan ake yawan cutar mu saboda rashin sani. Dokar ACJA ta 2015, mai tsara yadda ake kamu da shari'ar laifuffuka, ta ce in za a caje jikin wanda aka kama a yi shi cikin mutunci kuma jinsi ɗaya, mace ta caje mace, sai dai in akwai gaggawar da ta sa hakan ba zai yiwu ba (wannan 'yar ƙofar da aka bari ita ce ake yawan bi, shi ya sa ki tambaya da babbar murya ina 'yar sanda mace, mutane su ji). Ba a kama ki a madadin mijinki ko ƙaninki, an haramta. Mace tana iya tsayawa belin mutum, duk wanda ya ce je ki kawo namiji ƙarya yake. Tsarin mulki sashe na 35 ya ce a kai ki kotu cikin awa 24 in akwai kotu kusa, sashe na 40 kuma shi ya ba ki damar taruwa tun farko. Ga kuma dokar hana azabtarwa ta 2017 wadda ta lissafa fyaɗe da lalata a hannun jami'i a matsayin azabtarwa, hukuncin na kaiwa shekara 25, kuma cewa oga ne ya sa ni ba hujja ba ce.

Ana cin nasara kuwa? Ana ci, amma da jan ƙafa. A 2017 kotun ECOWAS da ke nan Abuja ta ba Dorothy Njemanze da wasu mata gaskiya kan kama su da jami'ai suka yi a titi suna kiran su karuwai, sai ga shi a 2019 an sake kwasar mata a gidajen rawa na Abuja wasu suka fito suka ce 'yan sanda sun yi musu fyaɗe. An rushe SARS ranar 11 ga Oktoba 2020, halin dai bai tafi da sunan ba.

In abin ya faru, asibiti kafin wanka in za ki iya daurewa, ki ajiye kayan da ke jikinki, ki rubuta lokaci da wuri da sunan da ke rigar jami'in ko lambar mota. Ba dole sai caji ofis ɗin da aka cuce ki za ki kai ƙara ba, akwai NAPTIP, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam a Maitama, akwai lauyoyi mata na FIDA masu tsayawa kyauta. In wanda ya yi ɗan cikin tafiyar ne yana bibiyar ki yana miki barazana a waya, kotu na iya ba da odar kariya ta hana shi zuwa kusa da ke, kuma VAPP ta hana a buga abin da zai tona ko ke wace ce a lokacin shari'a.