Waiwaye: Allurar Rigakafi da Tsadar Gadon Kulawa ta Musamman

Annobar korona ta lafa, amma muhawarar da ta bari tana nan: wanda ya ƙi allurar rigakafi da gangan, sannan cuta ta kai shi ɗakin kulawa ta musamman, wa ya kamata ya biya kuɗin jinyarsa? Masu wannan gardama kan yi magana kamar a shekarar 2021 aka fara haɗa allura da gadon asibiti. Alaƙar ta girmi korona da kusan shekara saba'in.

Abin da ya faru a baya-bayan nan kowa ya sani. A watan Maris na 2020 asibitocin arewacin Italiya suka cika maƙil. Ranar 8 ga Disamba na shekarar aka fara yi wa jama'a allura a Ingila. Da nau'in korona na Delta ya bazu a 2021, sai aka ga yawancin masu kwance a ɗakunan kulawa ta musamman a ƙasashe da dama waɗanda ba su yi allurar ba ne. Singafo ta ce daga 8 ga Disamba 2021 wanda ya ƙi allura da son ransa shi zai biya kuɗin jinyarsa. Girka ta sa wa 'yan sama da shekara 60 da suka ƙi allurar tarar Yuro 100 a wata. Lardin Kwibek na Kanada ya yi shelar haraji na musamman kan waɗanda suka ƙi allurar a Janairun 2022, ya janye bayan 'yan makonni.

Wanda ba a cika tunawa ba shi ne abin da ya faru a birnin Kopenhagen na Denmak a 1952. Cutar shan inna, wadda mu ma muka san ɓarnarta a gidajenmu, ta ɓarke a lokacin babu rigakafinta. Asibitin Blegdam da ke birnin na da na'urar huhun ƙarfe, wato injin da ake sa majinyaci ciki ya taimaka masa numfashi, guda ɗaya tak da wasu ƙanana shida. Cikin majinyata 31 na farko da cutar ta shanye musu numfashi, 27 suka rasu.

Sai wani likita mai sa barci lokacin tiyata, Bjørn Ibsen, ya lura cewa gurɓatacciyar iskar da ya kamata huhu ya fitar ce ke taruwa a jinin majinyatan. Ranar 27 ga Agusta aka ba shi wata yarinya 'yar shekara 12 da ke gargarar mutuwa. Aka huda maƙogwaronta, aka zura bututu, ya riƙa matsa jakar roba da hannunsa yana tura mata iska. Ta rayu.

To amma jakar ba ta matsa kanta. Dole aka tattaro ɗaliban likitanci da na haƙori kusan 1,500, suna karɓa-karɓa dare da rana, kowane na zaune gefen gado sa'o'i shida zuwa takwas yana matsawa, har tsawon watanni. Akwai lokacin da majinyata kusan 70 ke numfashi da hannun wani a lokaci guda. Mace-mace suka ragu da fiye da rabi. A 1953 Ibsen ya buɗe ɗakin da ake ɗauka shi ne na kulawa ta musamman na farko a duniya. A 1955 allurar da Jonas Salk ya samar ta fito, Denmak ta fara yi wa yaranta, kuma ba ta sake ganin annoba irin ta 1952 ba.

Na tsaya a nan ne domin a nan asalin tsadar take. Na'urar numfashi ta maye gurbin jakar roba, amma mutumin da ke gefen gadon bai tashi ba. A Ingila ƙa'ida ita ce nas ɗaya ga duk majinyacin da ke kan na'urar numfashi, kuma mai korona kan yi mako biyu ko fiye a kanta. Shi ya sa a Kanada aka ƙiyasta jinyar mutum ɗaya a irin wannan ɗaki ta haura Dalar ƙasar 50,000. Kuma kuɗi ba su ne kaɗai asarar ba: gadon da ya cika, mai haɗarin mota ko wadda haihuwa ta zo wa da gardama ba za su samu ba.

Duk da haka, a ganina ɗora laifin kacokan kan majinyaci ya bar rabin maganar. Allura ta rage masu zuwa gadon, wannan babu shakka. Amma gadajen da ma ƙalilan ne, ƙwararrun ma'aikatan jinya kuma shekaru ake ɗauka kafin a horar da su. Ga kuma waɗanda allurar ba ta iso musu da wuri ba: kashin farko ya sauka Najeriya ne ranar 2 ga Maris 2021, bai kai miliyan 4 ba, ga jama'a sama da miliyan 200. A Landan, a 2020, cikin kwana tara aka kafa asibitin wucin gadi da aka tsara zai ɗauki gado har 4,000. A zagayen farko na annobar majinyata 54 kawai ya kwantar, kuma ƙarancin ma'aikatan da za su tsaya kan gadajen na cikin dalilan.